Ƙanwata na tsare da goyo a hannu, dangin miji na son karɓe yarinyar

Babbar Yaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ƙanwata ce a gidan yari yau wata huɗu kenan, ita ce uwar adashi a layinsu sai mutum biyu suka ɗauki kwasa suka daina zubi, sauran mata suka kai ta ƙara, kuma har yau ba a yanke mata hukunci ba kullum aka je kotu sai a ɗage. An bada beli amma wai sai ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 ya tsaya mata, mu kuwa kaf danginmu ko masinja babu. Tana da goyo 'yar wata bakwai suna ciki tare, to yanzu dangin mijin sun taso wai sai an karɓo yarinyar kar ta tashi da tabon gidan kaso, ita kuma uwar tace ko sama da ƙasa za su haɗe ba mai raba ta da 'yarta. Shin doka ta yarda yarinyar ta zauna, har zuwa yaushe?

Ɗan Kotu:
Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya kawo mafita. Eh ana barin jariri mai shan nono wajen uwarsa, ƙa'idar da ake bi a gidajen gyaran hali ita ce har ya kai wata 18, daga nan a miƙa shi ga dangi. Dokar 2019 da Buhari ya sa wa hannu, wadda ta maida sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, a sashe na 34 ma cewa tayi a ware wa mata wajensu, a duba masu ciki, a tanadi ɗakin reno. A takarda kenan dai.

Amma ni inaga kun bar jaki kuna dukan taiki. Maganar belin ce abin yi. Lauya zai iya rubuta wa kotu a sassauta sharaɗin, in ta ƙi a tafi babbar kotu, domin doka da kanta tace kar a tsawwala sharaɗin beli, balle ga mai shayarwa. In babu kuɗin lauya kuje ofishin Legal Aid Council na jiharku, kyauta ne, ko ƙungiyar lauyoyi mata FIDA. Ki tafi da lambar shari'ar da sunan kotun, kar kije hannu rabbana.

Abu Hanif:
Ni fa gaskiya ina bayan dangin miji. Me yarinya tayi da za ta buɗe ido cikin masu laifi? Wanda ya ci ladan kuturu ai dole yayi masa aski, ta riƙe kuɗin mutane ta ji da shi amma a fitar da yarinyar.

Maman Islamiyya:
Haba Malam, wace kotu ce tace ta ci? Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke, ba a kama su da laifin komai ba tukuna. Kuma in an cire 'yar wata bakwai daga nono wa zai sayi madarar gwangwani a wannan tsadar, su dangin da suka kasa haɗa kuɗin sulhu? Alƙur'ani ma shekara biyu cur ya ambata.

Yaya ni muna shiga ɓangaren mata duk azumi da matan makarantarmu, abin da na gani shine abincin da ake rabawa na manya ne, ba a lissafa jariri a ciki, kuma 'yar wata bakwai ta isa fara kunu. Ki riƙa kai garin kunu, sabulu, omo, famfas, audugar mata da gidan sauro, sannan ki kai katin rigakafinta ki roƙi gandirobobi mata kar allurar wata tara ta wuce ta, da yawansu iyaye ne suna da tausayi wlh. Wani abu kuma da baki faɗa ba, tana da wasu yaran a waje? Domin na ciki kowa na ganinsa ana ta Allah sarki, na gida su ne ake mantawa, na san wata da ta fito bayan shekara ɗaya ta tarar an ɗora wa babbar 'yarta tallan awara an cire ta daga makaranta.

Ɗan Kotu:
Na manta, ku nemi a saka sunanta cikin waɗanda Babban Jojin jiha zai duba in ya kai ziyara. Rabon da aka yi a 2023 da ministan harkokin cikin gida Tunji-Ojo ya sa aka biya wa mutum 4,068 tara, na waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci ne, mai jiran shari'a baya shiga, saboda haka kar ku zauna jiran irinsa. Kuma ku haɗa da mai unguwa ya kira matan adashin, in suka yarda da biya kaɗan-kaɗan aka rubuta, kotu na iya karɓar sulhu.

Babbar Yaya:
Maman Islamiyya kin taɓo inda yake min ciwo. Akwai biyu, ɗan shekara tara da 'yar shida, suna wajen kishiyarta, mun ce musu Umma ta tafi asibiti, jiya namijin yake tambayata wai wane irin asibiti ne yara a makaranta suke ce masa ɗan fursuna. Ban iya ce masa komai ba. Gobe in sha Allah da sassafe zan wuce Legal Aid, daga can in biya in kwaso su su dawo wajena.