Karena yana cizo da kyau, amma da an matsa masa sai ya saki: wa ya taɓa gani?

Mai tambaya:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da kare namiji irin Jaman Shefad, watansa 11, ana koya masa cizon tsaro. Tun yana ɗan kwikwiyo ba ya ganin tsumma ya ƙyale, ko buhun algarara na ja a ƙasa sai ya dira a kai. Makon jiya mai tsokana, wato wanda ke zolayar karen a wurin horo don ya kama shi, ya sauya salo. Maimakon ya ruga da rigar hannu mai kauri da kare ke ciza kamar kullum, sai ya tsaya ƙyam, ya zuba wa karen ido, ya ɗaga sanda. Nan take gashin bayan karen ya miƙe, haushinsa ya koma siriri, ya kama da fiƙa kawai, ya saki, ya dawo bayan ƙafata. Abin ya tsaya min a rai. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya gaya min yadda suka ƙare.

Tsohon mai horo:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka dakatar da aikin sandan nan tun yau. Abu biyu ke sa kare cizo. Akwai jinin farauta: abu ya motsa, ya bi, ya kama, ransa fes. Irin wannan cizon baki cike ne, har turame, kuma ba ya tauna. Akwai kuma tsare kai, inda karen yake jin rayuwarsa ce a kan siraɗi. Na biyun nan maƙwabcin gudu ne, zare ɗaya ya raba su, kuma yawancin karnuka ba sa iya ɗaukar nauyinsa sai sun kai wata 18, wasu ma shekara 2.

Da hannuna na lalata kare a kan wannan. Watansa 9 na ɗaure shi a gindin bishiya, na sa ana yi masa barazana, don na ji daɗin gurnaninsa. Na ɗauka zuciya ce, ashe hanyar gudu ce ya rasa. Ranar da na kwance igiyar aka tunkaro shi, ƙarƙashin mota ya shige, yana kyarma har da fitsari. Shekara guda na yi ina lallaɓa shi, ya dawo yana cizo, amma har ya mutu bai daina waiwayena ba in ya kama. Ina tuna idon nan nasa har yanzu.

Mai kiwo:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ni zan tambaye ka, Malam: ka ga uwarsa? Na taɓa kai wata karyata barbara saboda kyan jiki da zafinta a kan ƙwallo, alhali na san tana firgita da tsawa da santsin daɓe. Na ce uban zai gyara. Ta haifi 7. Da suka kai mako 7 na saki murfin tukunya a ƙasa, biyu suka zabura suka dawo suna shinshinawa, sauran suka cure a lungu. Waɗannan biyun ne kaɗai suka yi aiki. Zabura ba laifi ba ce, saurin dawowa hayyaci nake dubawa.

Dalilin ƙirƙiro gwajin Shutsuhund a Jamus ke nan a farkon ƙarni na 20, bayan Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu Jaman Shefad a 1899: a tace wanda ya cancanci haihuwa. Tun 2019 IGP ake kiransa, kuma har yau kashi uku ne, bin sawu, biyayya da tsaro. Yanzu ba na haɗa karya sai na ga yadda take ɗaukar matsi, kuma likitan dabbobi ya ɗauki hoton ƙugunta da gwiwar hannu.

Mai Malinuwa:
Hajiya, ban ƙi taki ba, amma kada a yanke wa ɗan wata 11 hukunci da rana ɗaya. Tawa karyar, irin Malinuwa ce, ta yi haka tana wata 10. Laifin mai tsokanarmu ne na wancan lokacin, bai san ja da baya ba. Na sami wani wanda da ta yi haushi mai ƙarfi ɗaya sai ya kau da kai, ya ja da baya kamar ya tsorata, sannan ya ruga ta kama, ya sakar mata rigar ta zagaya da ita a baki. Wata huɗu muna haka kafin sanda ta sake fitowa, ita ma shafa bayanta kawai ake yi tana cikin cizo. Matsalata yanzu ta juye, sakin ne ke ba mu wuya.

Uwar yara:
Sakin nan shi ne abin da na fi damuwa da shi. Namu an horar da shi da tsoratarwa kafin mu karɓe shi. Ƙanena ya shigo da leda a hannu, karen ya riƙe masa hannun riga, na yi ta kira bai ji ba. Allah ya tsare bai kai fata ba. Kare mai tsoro kowa ɓarawo ne a wurinsa, Yaya, ka koya wa naka saki kafin komai.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Hajiya, uwar na gan ta, ba ta da fargaba, uban ne ban gani ba. Jiya mun koma kan buhu, babu sanda, babu kallon ido. Karon farko da fiƙa ya kama, karo na uku ya cika baki, ya tafi da buhun wutsiya a sama. Baba, mako nawa kake ganin zan yi a haka kafin mu koma kan rigar hannu?