Ɗaki ko buhu? Gardamar kuɗin asusun unguwa

Ma'aji: Salamu alaikum jama'a. Kuɗin asusu sun kai jika ɗari shida na sefa. Shawarata bana kada mu sayi gero mu raba. A gina wa gida uku ɗaki cikin waɗanda ruwa ya kayar wa gini. Hatsi kwana kaɗan ya ƙare, mutum kuma yana nan raɓe a zauren wani. Ni a wurina ɗaki uku ya fi buhu arba'in.

Hajiya ta Birni: Wa alaikumus salam. Ɗana, gida uku? Bara gida arba'in suka samu. Sauran talatin da bakwai me za ka ce musu? Kuma a Damagaram wa ke kwana a titi? Kowa da danginsa. Ni yanzu haka mutum biyar ke ɗakina na baya tun damina.

Mushe (malamin lakwal): Allah ya saka da alheri Hajiya, amma ai waɗannan biyar ɗin su muke nufi. Mara gida a garin nan ba a bakin titi za ki gan shi ba, yana zaure, yana kangon da mai shi bai ƙarasa ba. A 2024 ambaliya ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya a Nijar, har aka ɗage komawa lakwal daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, domin jama'a na kwance cikin azuzuwa. Ajina iyali biyu suka zauna. Ranar da aka ce su tashi, shinkafar taimako na hannunsu, inda za su girka ta ne babu.

Ɗalibi: Ina bayan Ma'aji. Ƙasar Finlan ta Turai tun 2008 ta ɗauki tsarin a fara ba mutum gida, ba tare da sharaɗin sai ya samu aiki ko ya bar shaye-shaye ba, sauran matsalolin a bi su daga baya. A 1987 marasa gidansu sun kai wajen 18,000, a 2022 ba su cika 4,000 ba.

Baba Magini: Yaro, can gwamnati ce da aljihunta, mu nan jika ɗari shida ce. Ku saurara in gaya muku. Shekara arba'in ina taka ƙasa, gini ba ya faɗi rana ɗaya. Yaɓe ya zube an bar shi, indararo ya toshe, ruwa ya kwanta bisa soro, gindin bango ya jiƙe yana cin kansa. Kun ga masallacin Birni, tun ƙarni na 19 yake tsaye, Satumban 2024 ruwa ya kwantar da shi, balle ɗakin talaka da aka kafa kan hanyar ruwa. Kuɗin ɗaki ɗaya sabo zai ɗaure gindin ɗaki goma da dutse da siminti. Dutse kuwa Allah ya hore wa garin nan. A kira gayya, matasan fadar unguwa (majalisar samari) su kwaɓa ƙasa, ni ba na karɓar ko dala.

Mushe: Baba wannan na gaba ne. Wanda nasa ya riga ya faɗi fa?

Baba Magini: Shi ma bara bangonsa tsagewa kawai ya yi, muka wuce muna kallo.

Inna mai ƙosai: Ku yi haƙuri in sa baki. Duk maganar masu fili kuke. Mu ƴan haya fa? Da malam ya rasu, wata uku na kasa biya, mai gida ya fitar mini da kaya ƙofa, ba ruwa ba iska. Jika talatin ce ta raba ni da unguwar da masu sayen ƙosaina suke, yarana biyu suka bar lakwal saboda nisa. Da an ranta mini ita a lokacin, da ban taɓa shiga layin gero ba.

Ɗalibi: Wallahi Inna ban yi wannan tunanin ba.

Hajiya ta Birni: To ga shi nan. Kuma Ma'aji, ɗakin da za ka gina a filin wa? Yawanci gidan gado ne da ba a raba ba. Ka gina wa gwauruwa, gobe ƴan uwan miji su sayar da gidan har da ɗakinka. Na ga an yi.

Ma'aji: Sai a rubuta takarda gaban mai unguwa da liman, magada su sa hannu kafin a aza tubali ko ɗaya. Wanda ya ƙi, mu wuce. Na yarda a ware jika ɗari don bashin haya, amma ɗakin nan ban janye ba, ko biyu ne.

Baba Magini: Juma'a bayan salla zan zaga in ƙirga bangon da ya tsage. Mushe ka zo da alƙalami.

Hajiya ta Birni: Ku ƙirga. Ni dai kada a taɓa kason tsofaffin nan da ba su da mai nema musu. Kuma in kun fito ku fara da ɗakina na baya, shi ma yana yoyo.