Abin da malamai suka ce kan manhajojin kyauta

Jiya bayan la'asar mun zauna da wasu malamai a Tudun Wada nan Gombe, hira ta kai mu kan manhajojin kyauta. Google Forms aka fi yabo, ka rubuta tambayoyin gwaji ka sa amsoshi shi zai yi makin da kansa, ba sai ka kwana da jan biro ba, to amma ɗalibai nawa ne ke da waya? Nan aka ɗan yi gardama. Malamar lissafi ta ce a sauke bidiyon darussa na manhajar Khan Academy da dare lokacin da data ke araha. Google Drive kuma giga 15 ne kyauta, ka ajiye sakamakon ɗalibai ko waya ta ɓata suna nan. Canva dai, manhajar tsara zane da hotuna, ni cinye min data take wallahi.