Za mu je gidan marayu a Tamale bayan Kirsimeti, me zan riƙe, me zan yi?

Maman Godiya:
Salama 'yan'uwa. Ikkilisiyarmu a Kaduna za ta tura mu wani gidan marayu a bayan garin Tamale, arewacin Gana, na mako biyu. Akwai fasto, da matasa, da mu uku daga Zumuntar Mata. Ni tela ce, kuma ban taɓa ƙetare iyakar Najeriya ba. An yi baiko na musamman, mata sun tara tsofaffin kaya buhu-buhu har da takalma. Abin da ke damuna shi ne, da na tambayi shugaban matasa aikin da za mu yi, sai ya ce za mu nuna wa yaran ƙauna. To madalla, amma idan gari ya waye, hannuna me zai kama? Wanda ya taɓa irin wannan tafiya ya faɗa mini gaskiya. Kuma suna jin Hausa can?

Bulus Direba:
Mama, Gana tana cikin ECOWAS, ba ruwanki da biza. Fasfo kawai, da katin allurar shawara, kada ki yarda ki tashi babu shi. Idan ta ƙasa ne, daga Legas sai Seme, Kwatano, Lome, Aflao, sannan Akara. Iyaka uku ke nan, kowace sai an sauko an buga tambari. Daga Akara kuma a bi ta Kumasi, wuni guda cur kafin Tamale. Buhunan nan ku bar su a Kaduna. Kuɗin dakonsu da jayayya da kwastan sun isa ku sayi sababbi a kasuwar Tamale. Hausa za ta fisshe ki a kasuwa da zango, amma harshen garin Dagbani ne, ƙananan yara shi suka fi ji. Ki riƙe rigar sanyi da man shafawa, hunturunsu irin namu ne.

Rifkatu, ma'aikaciyar jin daɗin yara:
Anti, tambayarki ta fi amsar da aka ba ki. Kafin komai ku tambayi gidan abu biyu: suna da rajista da hukumar jin daɗin jama'a ta Gana, kamar yadda dokar yara ta 1998 ta buƙata? Kuma ina dangin yaran?

Ta biyun ce mutane ba sa so a yi. Rahoton Save the Children na 2009 ya nuna cewa aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke irin waɗannan gidaje a duniya suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kai su, da rashin kuɗin makaranta. Na yi aiki a wani gida inda kakar wani yaro take zuwa ranar kasuwa da ƙullin gyaɗa a bakin zane, ta tsaya a ƙofa ta miƙa masa ta juya. Abin da baƙi suke kashewa a kan motar da ta kawo su zai riƙe yaron nan a ɗakin kakarsa shekara guda. Shi ya sa Ruwanda ta fara rufe gidajen marayu tun 2012 tana mayar da yara cikin iyalai, Ostireliya kuma a 2018 ta sa safarar yara zuwa gidajen marayu cikin nau'in bautar zamani. A Gana ɗin ma, binciken ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas na 2015 ya tona yadda ake karkatar da kayan taimako a wani gida a Bawjiase.

Sannan yaron da ya ruga ya rungume ki ranar farko bai san ki ba, kada ki ɗauka baiwa ce gare ki. Alama ce ta yaron da masu goyonsa suke ta canzawa. Ku goya shi mako biyu ku tafi, mai kula da su ce za ta kwana da kukan. Hotunansu kuma kada su hau Facebook.

Istifanus:
Da girmamawa, Anti Rifkatu, to mu zauna a gida ke nan? Yaƙub 1:27 ya ce a ziyarci marayu da gwauraye cikin ƙuncinsu. Ni irin wannan tafiyar ce ta sa na shiga makarantar tauhidi. Ba kowane gida ne na 'yan damfara ba.

Baba Mai Bishara:
Ɗana Istifanus, ba wanda ya ce a zauna. Amma ka lura, ribar da ka lissafa taka ce, ba ta yaran ba. Ayar kuma ta haɗa marayu da gwauraye, sau da yawa ɗaki ɗaya suke kwana. Ka riƙe uwar, ka riƙe ɗan. Tun da aka kafa EMS, ƙungiyar da ke aika masu bishara ta ECWA, a 1948, masu bisharar da muka gada idan suka shiga gari sai su zauna, su koyi harshe, su yi noma tare da mutane. Mai mako biyu ba zai iya haka ba, don haka ya je a matsayin mai taya masu zama aiki. 'Yata Maman Godiya, ki karɓi lambar uwar gidan marayun ki kira ta da kanki. Kada ki ce mata ga abin da za mu kawo. Ki tambaye ta abin da ya tsaya mata.

Maman Godiya:
Na gode Baba, na gode kowa. Na kira ta jiya, tana jin Hausa sarai. Rajista ta ce suna da ita, za ta turo wa fasto hoton takardar. Kekunan ɗinki biyu ne a ɗakin ajiya, ba mai gyara, ga kayan makaranta da ake bukata kafin a koma a Janairu. Akwai kuma iyayen wasu yaran, mata huɗu, da take so su koyi ɗinki ko sa samu abin riƙe 'ya'yansu a gida. Su zan zauna da su. Matasa an ce rufin ɗakin girki ke yoyo. Kwamiti bai ji daɗin maganar buhuna ba, ana nan ana ja. Malam Bulus, bel da ƙoshiyar keke ƙirar Butterfly, ana samu a Tamale ko in saya a nan?

Bulus Direba:
Saya a nan, Mama, jakar hannu za ta ɗauke su. Yadi ne za ki bari sai kin ga launin kayan makarantar tasu.