Yaya kuke raba kwanakin Babbar Sallah a Legas?

Uwargida daga Agege: Assalamu alaikum. Hutun Sallah kwana biyu ne kawai, ga aikin naman layya, ga surukaina a Mile 12, ga yayata a Obalende, kuma kowa yana jiran mu kai masa gaisuwa. Bara har magariba ina bakin kasko ina suya, yara sun yi kwalliya sun gaji da jira, ba mu je ko'ina ba. Ina neman shawara.

Dattijo daga Idi-Araba: Wa alaikumussalam, 'yata. Ai ba dole ba ne a yi yanka ranar Idi, domin layya tana halatta daga 10 zuwa 12 ga Zulhajji. Mu da sauka daga Idi muke zaga dangi, lokacin da hanya ba ta da cunkoso, washegari da sassafe mahauci ya zo.

Wata 'yar'uwa: Hajiya, ki sa a yi niƙan kayan miya tun jajibere, sannan ki fara da surukai, don su ne manya. Yayarki za ta yi miki uzuri.

Uwargida daga Agege: Na gode, Baba. Zan shawarci maigida mu jinkirta yankan bana.