Mahaukacin kare ne ko mafaɗaci kawai?

Bayan doguwar muhawara kan karnukan da ke yawo a unguwanni, ga abin da aka fi yarda da shi.

Lafiyayyen kare ba ya faɗa sai da dalili: karya mai 'ya'ya, wanda aka tarar yana cin abinci, ko wanda yara suka rutsa da jifa. Kuma yakan yi gargaɗi, ya yi gurnani, ya yage baki, in ka ja da baya ya ƙyale ka.

Mai ciwon hauka kuwa ba ruwansa da gargaɗi. Cizo yake kan mai uwa da wabi, har itace da dutse. Miyau na dalala, haushinsa ya dishe, yana tangaɗi, daga baya ƙafafun baya su shanye. Wani dattijo ya ja hankali kan nau'in da aka fi yin sakaci da shi: karen da ya yi laƙwas, muƙamuƙinsa ya saki kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada a kuskura a sa masa hannu a baki. Tsoron ruwa da ake yawan faɗa, a jikin mutum ake ganinsa, ba ma'auni ba ne ga kare.

Ido dai ba ya yanke hukunci. Sai an gwada ƙwaƙwalwar karen bayan ya mutu, kamar yadda ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato. Don haka duk wanda aka ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar a fara masa allurar rigakafi. In karen na da mai shi, a tsare shi kwana 10 ana lura, amma ba a jinkirta allura don jiran sakamako.