Shin 32-bit float yana hana sauti tsagewa?

Ɗan Asawase: Salamu alaikum, 'yan zaure. Ina nan a kan bakana cewa mai aiki da manhajar gyaran sauti ta Audacity ko Ardour ya daina fargabar tsagewar sauti, domin manhajojin biyu da 32-bit float suke lissafi, wato wani tsarin ajiye sauti a matsayin lambobi. A tsarin 16-bit, sauti yana kaiwa 0 dB a ma'aunin ƙarfinsa ya taɓo rufi, abin da ya haura kuma yanke shi ake yi, alhali a float lambar da ta wuce 1.0, wato wannan rufin, tana nan a ajiye. Jiya na ƙara wa muryar wani mai wa'azi ƙarfi har jajayen layukan da ke nuna tsagewa suka cika allo, na rage da Amplify, wato wurin ƙarawa ko rage ƙarfin sauti, ta dawo garau.

Baba Mai Sauti: Wa alaikumus salam. Ɗana, gwajinka gaskiya ne, sai dai muryar da ka gwada ta shiga kwamfuta lafiya tun farko. A azumin bara na ɗauki tafsiri a Aboabo, mai jan baƙi ya ɗaga murya, fitilar na'ura ta yi ja, ni kuwa na ƙyale ta saboda na dogara da float. Da na rage a gida, sai na tarar da kawunan igiyar sautin a shafe kamar an bi su da almakashi, kuma ƙarar tsagewar tana nan. Na'urar da ke mayar da murya lambobi tana da nata rufin, abin da ta yanke kuwa bai taɓa isa manhaja ba, balle a dawo da shi.

Hajiya ta Rediyo: Baba ya faɗi ƙofar shiga, saura ta fita. Ƙanena, in ka fitar da aikinka a fayil ɗin sauti na WAV mai 16-bit alhali yana sama da 0 dB, a nan take zai tsage. Shi ya sa nake sa Normalize, mai daidaita ƙololuwar sauti, a -1 dB kafin in miƙa shiri.

Ɗan Asawase: Na karɓi ta Hajiya. Amma Baba, ai yanzu akwai rikodoji masu ɗauka kai tsaye a float, waɗanda ke haɗa na'urorin mayar da murya lambobi guda biyu, ɗaya don ƙaramin sauti, ɗaya don babba.

Baba Mai Sauti: Akwai su, amma makirufo da kansa yana da iyakar ƙarar da zai ɗauka, kuma kalangu a kusa da shi ba wasa ba ne. Ni dai ranar Asabar a walima zan tsayar da ma'auni wajen -12 dB. Ka zo da taka rikodar mu jera su.